Sai Bango Ya Tsage: Rayuwa da Dasasshiyar Ƙoda a Ƙasar Gobir

Idan aka ce wane ya dawo daga dashen ƙoda, a Sabon Birni ko a Isa, gida cika yake da 'yan barka. Dangi sun san abin da aka sha kafin a kai ga wannan rana: gonar fadama da aka sayar, shanun da aka kaɗa kasuwa, watannin da aka kwashe ana jigilar zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, da ɗan'uwan da ya yarda aka tsaga cikinsa aka ciri ƙodarsa guda. A wurin 'yan barka magana ta ƙare. A wurin likitan ƙoda kuwa yanzu aka soma, domin tiyatar aikin 'yan sa'o'i ce, riƙon ƙodar kuma aikin iya tsawon rai.

Abubuwa biyu ke barazana ga wanda aka yi wa dashe. Na farko, jikinsa ya ƙi karɓar baƙuwar ƙodar ya far mata. Na biyu, ƙwayoyin cuta su kama shi. Maganin da ke hana na farko shi ke buɗe wa na biyu ƙofa, kuma a ƙasashe masu tasowa kamuwa da ƙwayoyin cuta na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe masu dashe, sau da yawa ƙodar tana aikinta lafiya lau.

Batun ya daina zama na nesa. Asibitin St. Nicholas da ke Legas ya yi dashen ƙoda a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010, sannan a 2025 aka yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ga kuma waɗanda ke tafiya Indiya da Masar. Ko a ina aka yi aikin, daga ƙarshe mutum gida zai koma, ya shaƙi iskar garinsu, ya sha ruwan rijiyarsu.

Cinikin da ake ƙullawa da jiki

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne ranar 23 ga Disamba 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun Joseph Murray. Mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin mai karɓar bai ɗauki ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Ga sauran mutane, ko da ciki ɗaya suka fito, garkuwar jiki tana gane baƙo, kuma aikinta ke nan ta yaƙe shi. Sai da aka samo magungunan da ke kwantar da garkuwar kafin dashe ya zama aikin yau da kullum. Saiklosforin ya shiga kasuwa a 1983. A 1984 masana a Japan suka gano takrolimus a jikin wata ƙwayar bakteriya da suka samo cikin ƙasa a yankin Tsukuba. Yau akasarin masu dashen ƙoda magunguna uku suke sha: takrolimus, wanda galibi ake haɗiya duk bayan sa'a 12, da maikofenolet, da firednisolon. Babu ranar dainawa muddin ƙodar na jiki.

Abin da waɗannan magunguna suka fi dannewa shi ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake wa laƙabi da harafin T. Su ne ke gane baƙuwar ƙoda. Su ne kuma ke tsare da ƙwayoyin cutar da suka iya ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jiki, irin su ta tarin fuka da Nokadiya da Listeriya da Salmonela. Mai cikakkiyar lafiya yana cuɗanya da da yawa daga cikinsu shekara da shekaru ba tare da ya sani ba. Fako suke yi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A jikin mai dashe, likita da kansa ya tsaga bangon, da gangan, domin ba shi da zaɓi.

Wasu likitoci biyu na Boston, Robert Rubin da Jay Fishman, sun taƙaita lissafin da ake koyar da ɗalibai har yau. Haɗarin kamuwa ya rataya a kan abu biyu: iya nisan da aka kwantar da garkuwar, da kuma irin ƙwayoyin da mutum ke gamuwa da su. Na farko likita ke tsara shi a Kano ko a Delhi. Na biyu kuwa garin mutum ke tsara shi, da sana'arsa, da abincinsa.

Sun kuma kasa lokaci gida uku. A watan farko cututtukan asibiti ke damuwa: rauni ya ruɓe, robar fitsari ta jawo cuta, huhu ya kamu. Daga wata na 2 zuwa na 6, lokacin da magunguna suka fi ƙarfi, masu fakon ke fitowa. Saboda haka ake ɗora majiyyaci a kan kotrimokzazol, wato Septrin ɗin da kowa ya sani, na tsawon wata 6 ko fiye, don ya tare wasu daga cikinsu. Bayan wata 6 ana rage magunguna, cututtukan gari su zama su ne kan gaba, sai dai duk wanda aka sake ƙara wa magani saboda jikinsa ya tasar wa ƙodar, lissafinsa ya koma farko.

Tarin da ya zo da hunturu

A ɗauki wani magidanci ɗan Isa, mai fataucin hatsi da albasa, wanda hawan jini ya cinye wa ƙoda, ƙanensa ya ba shi tasa. Ya dawo gida da takardu cike da jaka da gargaɗin ya guji cunkoso. Ya kiyaye na 'yan watanni. Amma kaka ta zo, ana sussukar gero, ana shiƙa, ana zuba hatsi a buhuna, kuma ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi daga ɗaka. Septrin ɗinsa ya ƙare a wata na 6, yana ganin ai ba shi ne babban maganin ba. A wata na 8, hunturu na busawa, ya soma tari. Da yamma jikinsa ya ɗan yi ɗumi, abinci ya fita ransa.

Abu na farko da ke yaudarar iyali shi ne rashin tsananin ciwon. Zafin jiki da kumburi da raɗaɗi duk amon yaƙin garkuwar jiki ne, firednisolon kuwa yana rage wannan amo. Mai dashe zai iya ɗauke da ciwon huhu mai nisa alhali ma'aunin zafi bai wuce digiri 38 ba, yana zaune yana amsa gaisuwa. Shi ya sa likitocin dashe ke ɗaukar kowane zazzaɓi, kome ƙanƙantarsa, a matsayin abin gaggawa.

Ya tafi kemis, kamar yadda kowa zai yi. Mai kemis ya dube shi ya ce, "Alhaji, maleriya ce da taifot, allura biyar ta ishe ka." Ya haɗa masa allurar jentamaisin da ta daiklofenak. Ba mugunta ya yi ba, abin da yake ba kowa ke nan, kuma a garuruwa da dama shagonsa kaɗai ke buɗe da dare. Sai dai dukkan allurai biyun masu cutar da ƙoda ne, ga takrolimus da shi ma yake matse jijiyoyin jinin ƙodar, ga kuma mutum mai ƙoda ɗaya tal da ke aiki. Da a ce eritromaisin ko kilaritromaisin ya ba shi don tari, da wata masifar ce daban: su suna hana hanta narkar da takrolimus, sai ya taru a jini har ya zama guba.

Ita kanta kalmar "maleriya da taifot" tana bukatar a yi hattara da ita. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa mutum na da taifot rauni gare shi, yakan nuna akwai alhali babu. Samun ƙwayar maleriya a jini kuma bai kore wata cutar ba, domin a ƙasar fadama irin ta Rima da Bunsuru mutane da yawa na ɗauke da ita. Ƙa'ida ga mai dashe ita ce a ɗebi jini da fitsari da kaki a kai ɗakin gwaji a shuka su don a ga ƙwayar da za ta tsiro, sannan a fara magani nan take ba tare da jiran sakamako ba idan jikin ya yi tsanani. Kwana biyar na allurar kan-ta-waye yakan ɓata wannan gwaji, a shuka jini kome bai fito ba.

Tarin fuka da tarkon rifamfisin

Bayan mako uku tari bai tsaya ba, ya rame. A wani asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga tabo mai kogo a saman huhu. Na'urar GeneXpert ba ta ga ƙwayar tarin fuka a kakinsa ba, amma ma'aikacin lafiyar ya ɗora shi a kan maganin tarin, kuma ba a ce ya yi ganganci ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, gwajin kaki kan kuskure, nazarce-nazarce kuma sun nuna masu dashe sun fi sauran jama'a kamuwa da shi da ninki 20 zuwa 74. Galibi tsohuwar ƙwaya ce da ta kwanta a huhu tun ƙuruciya take farkawa. Wani lokaci ma a jikin ƙodar da aka dasa take zuwa.

Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: waɗanne magunguna yake sha?

Maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya, wata 6 ake yi: wata 2 ana shan magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu. Jigonsu shi ne rifamfisin, wanda ke mayar da fitsari ja. An cure magungunan a ƙwaya ɗaya don sauƙaƙa wa jama'a, don haka ba yadda za a yi a zare rifamfisin daga cikinta. Shi kuwa rifamfisin zuga hanta yake ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, kuma takrolimus da saiklosforin da firednisolon duk suna ciki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu, mutum na haɗiyar takrolimus ɗinsa a kan lokaci amma abin da ke saura a jininsa bai taka kara ya karya ba. Garkuwa ta farka, ta ga baƙuwa, ta far mata. An yi asarar ƙodoji masu yawa a duniya ta wannan hanya.

Likitan dashe yana da mafita. Zai iya musanya rifamfisin da ɗan'uwansa rifabutin, wanda zugarsa ga hanta ba ta kai haka ba, in an same shi. Zai iya barin rifamfisin ya ninka takrolimus sau 3 zuwa 5, yana auna shi a jini a kai a kai, sannan ya sake rage shi bayan an gama maganin tarin, domin hanta na komawa daidai cikin kamar mako biyu, ƙwayoyin da a da suke daidai su zama guba. Zai iya tsara haɗin da babu rifamfisin sam, amma sai an shekara ko fiye ana sha. Kowace daga cikin ukun tana bukatar awon takrolimus, wanda ake ɗibar jininsa da safe dab da shan ƙwaya, kuma awo ne da ba a samu a ƙananan asibitoci. Mafi sauƙi duka shi ne a binciki mai karɓa da mai bayarwa tun kafin dashe, a ba wanda ke cikin haɗari aisoniyazid na wata 6 zuwa 9 don rigakafi.

Ƙwayar da ke cikin ƙura

Mako biyu da fara maganin, fatakenmu bai ji sauƙi ba. Fitsarinsa ya ragu, ƙafafunsa suka ɗan tasa, wani ƙurji mara zafi ya fito masa a cinya, ga ciwon kai da ba ya sauka. Ƙanen da ya ba shi ƙodar ne ya tsaya kai da fata. "Yaya, wannan ba tarin da muka sani ba ne. Gobe in an ce hanya ta yi kyau, Sakkwato za mu." A can aka tsaga ƙurjin, aka duba ruwansa a madubin likita, aka ga wasu siraran zaruruwa masu rassa kamar saiwar ciyawa. Nokadiya ce.

Sunan ya samo asali daga Edmond Nocard, likitan dabbobi ɗan Faransa da ya bayyana ƙwayar a 1888 a jikin shanun tsibirin Gwadalup. A cikin ƙasa take rayuwa, da ruɓaɓɓen ganye da taki, dangi ce kuma ga bakteriyar da aka samo takrolimus a jikinta. Shaƙar ta ake cikin ƙura, ko ta shiga ta inda ƙaya ta soki mutum. Ba a ɗaukar ta daga wani. Wanda ya san sussuka da shiƙa, da sharar garke, da ƙurar kasuwar hatsi a watan Disamba, ya san ba sai an je neman ta ba.

Wahalarta ita ce kama da take yi da tarin fuka a alamomi da hoton ƙirji, har rinin da ake gano ƙwayar tarin da shi yakan ɗan kama ta. A ɗakin gwaji kuma jinkirin tsiro gare ta, takan ɗauki kwanaki da yawa, wani lokaci makonni, alhali an saba zubar da abin da aka shuka bayan kwana biyu ko uku. In likita bai rubuta cewa yana zargin ta ba, ba za a jira ta ba. Tana kuma son bin jini ta tafi fata da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ɗaukar hoton kan duk mai dashen da aka same shi da ita, ko da bai yi kukan ciwon kai ba.

Ginshiƙin maganinta shi ne Septrin ɗin nan da ya raina, amma da yawa ninki-ba-ninki a kan na rigakafi. Idan ciwon ya yi tsanani ko ya taɓa ƙwaƙwalwa, ana haɗa shi da wani na allura, kamar imifenem ko amikasin ko seftriyakzon, ko kuma linezolid, na makonni, gwargwadon nau'in ƙwayar, domin Nokadiya iri-iri ce kuma ba magani ɗaya suke ji ba. Daga nan a ci gaba da haɗiya har wata 6 zuwa 12, na ƙwaƙwalwa kuwa shekara cur aƙalla. Kowane ɗaya da nasa farashi a jiki: Septrin mai yawa yana ɗaga sinadarin fotashiyam har ya taɓa bugun zuciya, amikasin yana cutar da ƙoda da ji, linezolid yana rage jini, musamman in ya haɗu da maikofenolet.

Akwai kuma rabin maganin da ba a saya a kanti, wato a ɗan sassauta wa garkuwar jiki don ta taya yaƙi. Galibi maikofenolet ake fara ragewa ko dakatarwa. Firednisolon ba a yanke shi farat ɗaya, domin jikin da ya saba da shi zai iya durƙushewa. Ga mutumin Isa abin ya zo a gaba kura baya sayaki: huhu da kai na neman a saki garkuwa, ƙodar da rifamfisin ya bari a fili tana neman a ƙara danne ta. An dakatar da maganin tarin, aka daidaita takrolimus, aka bi a hankali. Ya tashi, ƙodar ta tsira, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba, kuma abin da ƙoda ta rasa ta wannan hanya ba kasafai yake dawowa ba.

Ƙwarya da rijiya da mafitsara

Nokadiya ba ita ce ta fi yawa ba. Cutar bakteriya da ta fi addabar masu dashen ƙoda ita ce ta mafitsara. Ana dasa ƙodar ne a mara, bututun da ya haɗa ta da mafitsara gajere ne, ƙwayoyi irin su Ikolai da Kilebsiyela na saurin haurawa. Ciwon kan zo a gefen mara inda ƙodar take, ko ma ya zo da kasala kawai. Babbar matsalar ita ce bijirewar ƙwayoyin ga magungunan da aka saba. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk kafso ɗin da aka sha babu dalili yana rage abin da zai yi aiki ranar da ake bukata. Don haka ma likitoci suka daina ba da magani don kawai an ga ƙwaya a fitsarin mai dashen da ya wuce watannin farko kuma ba ya jin kome.

Sai ƙwaryar fura. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da Listeriya, wadda ke haddasa sanƙarau a jikin mai raunin garkuwa. Seftriyakzon da aka saba yi wa mai sanƙarau ba ya kashe ta, sai an ƙara amfisilin. Ta nono ne kuma ake ɗaukar tarin fukan shanu, wanda tun asali ba ya jin ɗaya daga magunguna huɗun nan. Ba a ce mai dashe ya bar fura ba. A tafasa madarar kafin a yi kindirmo, a dama da tafasasshen ruwa, a sha a gida.

Gudawa ma a wurinsa ba ƙaramin abu ba ce. Tana ƙarar da ruwan jiki, sannan tana sa takrolimus ya hau a jini, ƙodar ta sha duka biyu. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. Yankin kuma yana tsakiyar zirin sanƙarau. Annobar 2016 zuwa 2017, wadda ta faro daga Zamfara ta shiga Sakkwato, ta kama fiye da mutum 14,000 ta kashe sama da 1,100. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai tare nau'i biyar na ƙwayar. Irin wannan allura ta halatta ga mai dashe, gara ma a yi ta tun kafin aikin. Waɗanda aka hana shi su ne masu ɗauke da rayayyiyar ƙwaya, kamar ta shawara da ta ƙyanda.

Hanya ma tana cikin lissafi

Duk abin da aka zayyana ya ginu a kan zaton cewa majiyyaci zai iya kai kansa gaban likita cikin yini guda. Daga Sabon Birni ko Isa zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma shekaru ke nan ba tsawonta ne abin tsoro ba. Hanyar Marnona zuwa Isa ta dajin Gundumi ta daɗe matafiya na ƙaurace mata. A Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiyan da suka taso daga Sabon Birni a cikin motarsu, aƙalla mutum 23 suka rasu. A Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu a watan Agusta. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyu, wanda ke nufin mai dashe ba zai iya ko kiran likitansa ba.

Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni, kuma Gobirawan Tsibiri dangi ne, amma an rufe iyakar a Agusta 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Iyalin da suka kwana a daji ko suka yi gudun hijira ba sa tafasa ruwa, kuma kwalin takrolimus na iya zama cikin abin da aka bari a ɗaka. Kwanaki kaɗan babu shi sun isa su rusa abin da aka sayar da gona aka gina. Wasu iyalan kan yanke shawarar mai dashe ya zauna a birni shekarar farko. Shawara ce mai kyau ga mai hali, amma mai halin ya riga ya ƙarar da shi a kan aikin.

Abin da ke hannu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalin da ke tara kuɗin dashe su sa kuɗin shekarar farko a lissafi tun farko: magani, awon jini, mota, da ajiyar kwanciya asibiti ta ba-zata. Wanda zai tafi waje ya sami likitan ƙoda a Sakkwato ko Kano da zai karɓe shi tun kafin ya hau jirgi, ya kuma dawo da cikakken bayanin abin da aka yi masa.

Shi mai dashen ya riƙa yawo da kati a aljihu, da Hausa da Turanci, mai ɗauke da ranar aikin, sunayen magungunansa, lambar likitansa, da gargaɗi a fili: kada a ba shi rifamfisin, eritromaisin, kilaritromaisin, jentamaisin, daiklofenak ko aibufurofen sai da sanin likitan ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya. Ya mallaki ma'aunin zafin jiki, ya ajiye maganin wata guda a gefe a cikin jakar da za a iya sunguma da gudu, ya rufe hanci da baki a wurin ƙura, ya bar sussuka da sharar garke ga wasu, kada kuma ya ajiye Septrin sai likita ya ce.

Ga ma'aikatan lafiya, gyaran da ya fi arha shi ne ƙara tambaya ɗaya kafin a miƙa maganin tarin fuka ko a ɗaga sirinji: an taɓa yi maka dashe, kuma me kake sha kullum? Tsarin da ke kwasar kakin masu tari daga ƙauyuka zuwa na'urar gwaji ya nuna ana iya tafiyar da samfur ko da mutum bai tafi ba, kuma jinin awon takrolimus yana jure tafiyar kwanaki in an adana shi da kyau. Cibiyar da ta fara dashe a Sakkwato za ta iya ɗora layin waya guda da ma'aikacin jinya na Isa ko Sabon Birni zai kira dare ko rana, ta kuma tanadi rifabutin da awon takrolimus a kusa. Da waɗannan ne ake sanin ko ƙodar da ƙane ya ba wansa za ta yi shekara biyu ko ashirin.